Sandar Numfashi

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta ƙoshi,
Usta Mahajub ya buɗe cikin motata,
ya zaro kamshaf, ya goge ta da tsumma,
ya ce, "Taɓa nan."
Na taɓa. Tozo na biyar ya suɗe,
sumul kamar dasashin tsohuwa.
"Tun yaushe?"
Na ce tun babana ke riƙe da sitiyari.
Ya ce, "To, ta biya bashinta."

Ya shimfiɗa buhu, ya kwantar da guda biyu.
Ɗaya mai dogon tozo, 'yar kwali, an ce daga Jidda.
Ɗaya ba ta da abin kallo,
irin wadda ido ke tsallakewa.

Muntari, ɗan ƙanwata, yaron motata,
ya kasa ɗauke ido daga ta farkon.
"Kawu, wannan! In ta yi gurnani a tasha
har masu barci sai sun ɗago."

Usta ya kurɓi shayi tukuna.
"Yaro, wannan numfashin ɗan tsere ne,
baki wangale, bawul ya daɗe bai rufe ba.
Sai allura ta haura sama take farkawa.
A sulo kuwa tari za ta yi ta yi,
tana shan mai kamar kyauta ake ba ku."

Ya juyo gare ni. "Ina kake zuwa?"
Na ce Doka, kullum, kafin rana ta ɗago.
Buhu talatin, wani lokaci da mai buhun a sama.
Da damina laka kan kama taya
kamar mai bin bashi ya kama riga,
giya ta ɗaya, a hankali, ana salati.
"Sau nawa ka taɓa kai totur ƙasa?"
Na yi shiru ina lissafi.
Sau ɗaya. Daren da Asiya ke naƙuda.
"To don dare ɗaya za ka sayi sanda,
ko don safiya dubu?"

Ban amsa ba. Ya ci gaba,
yana jera ƙarafa a kan buhun:
"Sabuwar fartanya, sabuwar ƙota.
Tsohon tafet ya saba da tsohon tozo,
ka haɗa shi da sabo, wata guda ya cinye shi.
Sifirin daidai ƙarfinta:
ya yi tauri, ya niƙe ta,
ya yi laushi, bawul ya kama rawa.
Kacar taimin ɗinka ta saki, ji yadda take lilo.
Gaskit. Mai mai kyau, ba na jarka ba."

Na juya baya na ƙirga kuɗin tumaki biyu.
Sun isa doguwar, ita kaɗai, tsirara,
ko gajerar da duk danginta.

Muntari bai yi mini magana ba har la'asar.
Shi ya riƙe fitila dai,
shi ya miƙa sifana, fuska a murtuke.

Da injin ya tashi, aka bar shi ya yi zafi, ya saba,
sannan Usta ya sauke shi sulo,
ya ɗora kofin shayi cike a kan bonet.
Muka tsaya mu uku muna kallo.
Ko ɗigo.

Tsohuwar kuwa, Batula mai gahawa ta roƙa.
An yanke mata rabi, ta yi taɓarya.
Yanzu kowace asuba, ina ɗaure lodi,
ina jin ta can bakin gareji:
dum, dum, dum,
ƙarfen babana bai daina aiki ba.

Jiya laka ta kama mu bayan Doka.
Na ba Muntari sitiyari, na ce, "A hankali."
Motar ta ja numfashi ƙasa-ƙasa, ta fita.
Bai ce komai ba.
Na dai ga ya shafa sitiyarin sau biyu.