Akwatin Hammayo

Ran sadakar bakwai Dija ta miƙo mini makulli,
ta ce, "Ilu, kai ka ɗinka su, kai za ka buɗe."
Akwatin ƙarfe ne kore, tsatsa ta cinye kunne ɗaya.
Na durƙusa a zaurensa a Bajoga,
na ɗaga murfi, ƙanshin kafur ya tare ni.

A sama rigar alƙali, wadda na yanka daga tsohon labule.
Ƙarƙashinta ta likita, da tabon jan biro a aljihu.
Sai tsumman mahaukaci da na kwana biyu ina yagawa,
don ya ce yaga ma sai da ilimi.
Ga kakin ɗan sanda, ga hular direban tirela,
ga gajeren wandon Bature
na ranar da ya shafe fuska da garin rogo
ya yi Hausa ta hanci,
har hedimasta ya zame daga benci don dariya.

Hammayo, wanne ne kai a cikinsu?

A Ashaka na fara saninka, kana lebura,
siminti a gira, guntun fensir a bayan kunne.
In an tashi aiki ka ɓare takardar buhu,
ka ɗora a gwiwa, ka duƙufa.
Wasa ɗaya kan ci buhu tara.
Ga su nan a gindin akwati, ɗaure da igiyar rama,
rubutu ƙanana kamar sawun kiyashi.

Rediyo ta kira ka Bauchi,
ka yi muryar tsohuwa da ta jikanta a zama ɗaya.
Daga nan talabijin, daga nan zamanin kaset,
samari masu kyamara suka zo a motar haya,
suna ce maka Baba, suna biyanka da alkawari.
Ka ce ka daina ƙirga finafinanka
tun makon da aka binne ka sau uku.

Shekarar da ka fito a mai cin dukiyar marayu,
mai nono a kasuwa ta kife faifai a kan ƙwarya,
ta ce kuɗinka ba zai taɓa tafinta ba.
Ka shigo shagona kana dariya har da hawaye,
ka ce, "Ilu, yau ne aka biya ni."
Amma Dija ta ce daren nan ba ka taɓa tuwo ba.

Ba ka tara komai ba.
Keke, da 'yar gona a hanyar Nafada,
da bashin zare da ban taɓa rubutawa ba.
Allon yabon da suka ba ka a Gombe
shi ke tokare ƙofar zaure in hadari ya taso.

A asibiti mai jinya ta ƙura maka ido,
ta ce, "Ashe kai ne likitan nan!"
Ka gyara murya, ka duba agogon da babu a hannunka,
ka rubuta mata magani a iska.
Da ta fita ka jawo hannun rigata,
ka ce, "Wannan fitowar ba ni na rubuta ba,
kuma ba a cewa a sake."

Ta ƙarshen ma ni na ɗinka.
Farin yadi, ba aljihu, ba aiki a wuya.
Ban ɗauko ma'auni ba,
shekara talatin da huɗu awonka na kaina.

Yanzu ga ni da buhun da ke can ƙasa,
wanda ba ka gama ba.
Layi biyu ne kacal a kai.
Na farko ya ce: Shago, da hantsi, keken ɗinki na ƙara.
Na biyu ya ce: Tela ya ɗago kai, ya ce

Daga nan takarda fara ce.
Dija na kira daga ciki, wai shayi zai huce.
Na laluba aljihu, ban zo da fensir ba.