Ɗan Haya Mai Shuɗiyar Riga

Teku na nan, tafiyar danfo biyu daga Agege,
amma ni a bokiti nake kwaɓa nawa:
gishirin leda, tataccen ruwa,
allurar ma'auni tana rawa har ta tsaya
inda mai shagon Ikeja ya ja mini layi da biro.

Tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba.
Shuɗinsa kuwa, shekara sha tara ina ɗinki,
na sayi zare a Balogun, na saya a Oshodi,
ban taɓa riƙe wannan launi a hannu ba.
In fitila ta bugi gefensa, sai ka ce tartsatsin walda.

Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka.
Dutse ɗaya na sa masa, mai ramuka,
ya kwashe yashin ƙasa da baki, ƙwaya-ƙwaya,
ya tofar waje, ya ce nan gidana ne.
Na kawo masa abokin zama,
kwana huɗu ya hana shi sakat
har na mayar da bawan Allah a leda,
aka zabge mini rabin kuɗi.
Tasalla ta ce ko Iya Risi mai gidan nan ba ta kai shi ba.

Daren Laraba aka ɗauke wuta.
Famfo ya yi shiru, kumfa ta daina tashi.
Janareta ba mai, layin gidan mai ya kai gada.
Na ɗauki kofin shayi
ina ɗiban ruwan, ina zubowa daga sama,
ɗiba, zuba, ɗiba, zuba,
don iska ta shiga.
Sauro ya ci rabonsa. Kafaɗa ta ƙage.
Shi kuwa ya dushe, ya koma toka-toka,
ya lafe a rami yana haki.

"Kifin da ko miya ba zai yi ba,"
in ji Tasalla daga bakin ƙofa.
Sai ta karɓi kofin, ta ce je ka miƙe.

Da asuba wuta ta dawo.
Ya fito, ya zaga dutsensa
ko an taɓa masa wani abu,
shuɗin yana komawa jikinsa a hankali.
Na sa yatsa in gyara tiyo,
ya gartsa mini cizo.

Ban ce uffan ba.
Ni ma da na zo garin nan
da haka na riƙe ɗakina.