Faifan Kawu Barau

A ɗakinsa, bayan layin dogo a Sabon Gari,
kwana arba'in da rasuwarsa,
na tsinci faifan garmaho ƙarƙashin takardun fansho.
Gara ta ci kwalin, ta haɗa da sunan mai busar.

Wajen ƙarfe tara aka kawo wuta,
na ɗora allura.

Tari ne ya fara fitowa.
Wani, a wani zaure, a wata ƙasa,
ya yi shi tun ba a haife ni ba,
har yau maƙogwaronsa bai washe ba.

Sai ganguna, kamar maƙera sun yi sammako,
jitar lantarki na gurnanin injin niƙa.
Mai ƙahon kuwa ya ƙi shigowa.
Ya bar su suna kiciniya,
can ya sako sauti ɗaya, siriri,
mai tsamin ɗanyen mangwaro,
ya yi tsit.
Duk suka juya suka bi shi.

Inna Tabawa ta leƙo, buta a hannu:
"Wannan ai gardama ce, ba kiɗa ba.
Shekara talatin yana hana ni barci da ita."
Amma ba ta tafi ba.
Ta jingina da ƙyaure,
babban yatsan ƙafarta na motsi.

Kafin tafi aka ɗauke wuta.
Ƙahon ya yi nauyi, ya ja jiki, ya durƙusa.

Cikin duhu ta ce,
"Daga nan yakan hau sama."
Ta yi gyaran murya,
ta ƙarasa masa.