Ta Sittin da Bakwai

Guda casa'in da tara aka ƙera, ba ƙari.
Ermete Baraldi ne ya ɗaure injin ta sittin da bakwai
a Modena, shekarar da aka haifi 'yarsa.
Har yau tabon ƙunar na babban yatsansa.

Jiya aka yi gwanjonta a Monako.
Jikansa ya nuna masa a waya:
ja wur kamar barkono a rana,
maza cikin kwat suna ɗaga 'yan alluna,
ba mai ɗaga murya.
Guduma ta sauka a miliyan huɗu.

"Me ya sa ta yi tsada haka?"
"Kaka, kilomita ɗari biyu kacal ta taɓa yi.
Kujerun ma da ledarsu."

Shekara talatin a ɗaki mai sanyi,
lulluɓe kamar gawa,
ana biyan wani ya riƙa juya tayoyin.
Shi kuwa ya san muryarta.
Sau ɗaya ya ji, ranar gwaji,
har gilasan taga suka yi rawa.

Ya miƙa wa yaron wayarsa,
ya hau keke zuwa kasuwa,
sarƙar tana kuka duk hanya.