Takardar Naɗe Kifi

A bakin tashar jiragen ruwa ta Valparaíso
nake sayar da kifi tun kafin in haifi Nemesio.
Tsofaffin jaridu nake saye a kilo,
da su nake naɗe wa mutane cefane.

Ran Talata 'yan dako suka fito.
Ina cikinsu, da ƙarni a hannuna.

Ran Laraba jarida mai jan kai ta ce
'yan tarzoma ɗari biyu sun tare hanya.
Mai shuɗin kai ta ce
jarumai dubu goma sun girgiza gwamnati.
Ni dai na san an yi ruwa,
ɗana ya dawo ƙafa ɗaya ba takalmi.
An ce gani ya kori ji.
Nawa ganin bai kori komai ba.

Ba wadda ta rubuta sunan Baldomero
da igiyar ƙarfe ta tsinke a kansa
bayan wata uku yana cewa ta yi tsatsa.
Don shi muka fito.

Da dare talabijin ta tara mutum huɗu
suna auna wa tattakinmu zai ƙara wa ƙuri'a.
Matarsa Eulogia na gefena tana yanka albasa.
Ta ce, rage murya, yara sun yi barci.

Yau na haɗa su biyun,
ja a ciki, shuɗi a waje,
na naɗe wa wata tsohuwa kifi uku.
Da rana ta dawo tana faɗa:
tawada ta kama jikin kifin,
sai da ta wanke sau biyu
kafin ya shiga tukunya.