Mai Liƙin Roba a Jega

Ran kasuwa ina bayan rumfar 'yan albasa,
gawayi a kasko, ƙarfe uku a wuta,
duk abin da ya fashe a garin nan ya san hanyata.

Inna Tumba ta kawo bahon wanki,
tsaga daga baki har gindi, kamar faso.
Arzika da jarkar manja mai zubar hawaye.
Wani yaro da silifa ƙafa ɗaya, hancinta ya tsinke.
Na yanko ɓallin tsohuwar buta,
na ɗora, na danna jan ƙarfe,
hayaƙi ya miƙe, baƙi, mai ɗaci a maƙoshi.

Shekara ashirin da biyu ina shaƙar warin nan
ban taɓa tambayar garinsu ba,
sai da Saudatu ta zo hutu daga Aliero,
ta tsuguna gefena tana toshe hanci.
Ta ce, Baba, ka san abin da kake narkawa?
Na ce, me?
Ta ce, mai.

Ɗanyen mai, in ji ta, na can kudu,
inda ƙasa ke ƙarewa cikin ruwan gishiri.
Butar nan da fetur uwa ɗaya suka sha,
kananzir ƙanensu ne, kwalta ce 'yar autan tukunya.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Ita ko ba ta yi ba.
Ta nuna basilin da nake cusa wa kaushina,
ta nuna hijabin jikinta,
buhun da albasa ke kwance a ciki,
komar da masunta ke shanyawa a bakin gulbi,
gidan sauron da aka ba mu a asibiti.
Sai ta sa hannu aljihuna, ta zaro carbi.
Nan na yi shiru.
Ashe duk asuba
mai nake ja, ɗaya bayan ɗaya, ina kiran Ubangiji.

Mahaifina ƙwarya yake ɗinki.
Ita ƙwarya ta san gonar da ta haife ta,
in ta gaji, ta kwanta bayan danga,
gara ta ci, damina ta binne.
Wannan kuwa gara ta sunsuna ta wuce.
Bara akuyar Ige ta rame tana ci,
da mahauci ya farke tumbi
leda ya zaro, dunƙule, ta kai kan jariri.

Ban tsine mata ba.
Da ita na yi rufin kwano,
da ita yarinyar nan ta san sunan abin da ban sani ba.
Amma yanzu in ƙarfe ya taɓa ta, ta yi tsuwa,
sai in ji kamar tana tuna duhun da ta baro,
tana so ta koma ruwa.

Na gama bahon, na zuba ruwa, na ɗaga sama.
Ko ɗigo.
Inna Tumba ta yi ciniki kamar za ta sayi sa,
ta kwance haɓar zane,
ta ƙirgo mini hamsin-hamsin guda shida, masu santsi.

Saudatu ta karɓi ɗaya, ta murza a yatsa,
ta dube ni.
Na ce, kada ki faɗa.