Haruffa Huɗu

Dare ya raba a Aliero, wuta ta ɗauke tun magariba,
batir ya ce saura kashi goma sha tara.
Baƙin allo a gabana, ba hoto, ba linzami,
sai ɗan farin ɗigo yana ƙifta mini ido
kamar ya san na ɓata.

Manhajar dillalan albasa nake gyarawa,
mai ƙirga buhu nawa ya hau mota zuwa Kudu,
wa ya biya, wa ya ce sai ran kasuwa.
Kuskuren guda ne, yana kwance cikin fayil ɗin farashi.
To ina fayil ɗin farashi?

Na buɗe jaka, ga jaka a ciki.
Na buɗe wannan, ga 'yarta.
Haka ake ɓare albasa,
hannu na aiki, ido na yaji,
ka kai tsakiya ka tarar ba kowa.
Na fito na sake shiga ta wata ƙofa.
Saura goma sha huɗu.

Yayata Shafa'atu ta fito shan ruwa da tocila,
ta tsaya bayana, mofi a hannu.
Ta riga ni shiga wannan daji da shekara biyar.
Ta ce, "Ke, gari mai ɗaki ɗari huɗu
kike bi da ƙafa kina sallama?
Wanda ya san suna ba ya yawo. Kira yake."

Ta janyo kujera da ƙafa, ta taɓa maɓalli biyu,
wata siririyar taga ta buɗe daga ƙasa.
Ta rubuta f, ta rubuta r, ta ƙara s da h,
wasulan ma ta bar su a hanya.
Sunaye suka riƙa zubewa kamar ana sheƙar gero,
saura tara, saura uku,
saura tsaba ɗaya: farashi.

"In kin shiga, kada ki rufe na baya,
bar shi a sakaye, za ki dawo.
Inda kika tsaya, kafa turke da harafi guda,
ko kin kai Jega zai janyo ki.
Sunan da kika gani a tsakiyar layi kuwa,
ɗora ɗigon a kansa, ki ce masa kai ni gidanku."
Ta yi hamma, ta manta mofinta, ta koma barci.

Sai na tuna Baba Arzika.
Rudu talatin yake da su bayan gida,
duk ciyawarsu iri ɗaya, duk tsayinsu ɗaya.
Mai saye ya zo yana son mai jan baya, wadda ta sha rana,
Baba ba ya ɗaga ko guda.
"Mi za ni buɗawa? Wanga na bakin rijiya na,
wancan na fadama, shi ka jimirin tafiya."
Ya nuna da haɓa, a je a tarar haka ne.
Da ina yarinya na ɗauka tsafi ne.
Ashe kowane rudu ya raɗa masa suna
tun ranar da aka zuba.

Saura shida.
Layi na tamanin da bakwai, ga shi nan zaune:
sifili ɗaya ya faɗi daga kuɗin buhu,
shi ya sa Alhaji Bagudu ke ta kiran waya yana salati.
Na mai da shi wurinsa.
Na ja igiyar turke, na koma inda na fito
ban taka ko jaka ɗaya ba.

Saura uku na adana, na rufe.
Can bakin titi wata mota tana ɗumama inji,
warin albasa ya shigo ta taga.
Na shanye ruwan da ta bari.